Labulen da Muka Ɗaura wa Dikko

Matan zumuntarmu ta coci sun daɗe suna matsa mini in rubuta abin da ya faru a daminar amai da gudawa, wai don na baya su koya. Kullum sai in ce musu mutum ba ya koyar da abin da shi kansa bai gane ba. Amma tunda damina ta sake kamawa, rijiyoyi sun sake cika da jan ruwa, gara in faɗi abin da idona ya gani, kowa ya tsinci abin da zai amfane shi.

Sunana Laraba. Ƙauyenmu yana arewa da Kano, in ka sauka daga titin Ɗanbatta ka bi hanyar ƙasa ta cikin gonakin gero. Mu Kiristocin garin 'yan gidaje ne kaɗan a gefe guda, Hausawa tun kaka da kakanni, cocinmu ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano. Shekarar nan kowa ya ji jiki. Taki ya gagara saye, kwanon gero ya fi ƙarfin talaka, ga labarin ɓarayin daji kullum a rediyo. Har ta kai in Bafulatani ya shigo kasuwa da sandarsa sai ka ga ana ja da baya, ko da kuwa a gaban idon kowa aka haife shi.

Da maigidana Ayuba ciwon ya shigo gidanmu. Ya dawo daga gona tun hantsi, abin da bai taɓa yi ba, ya ce cikinsa yana kuka. Kafin in sauke tukunya ya zaga bayan gida har na daina lura, abin da yake fita kuma fari ne kamar ruwan wankin shinkafa. Sai amai ya biyo baya. Nan da nan likitocin unguwa suka cika mini tsakar gida. Yayarsa ta ce jiƙon sabara. Maƙwabciyarmu ta ce lemon kwalba da gishiri. Wani ya kawo ƙwaya mai ja da rawaya a ƙulle cikin takarda, ya rantse ita ta tashi kawunsa. Duk na ba shi, duk ya dawo mini da su a zani. Da na ga idanunsa sun faɗa, muryarsa ta dushe, jijiyoyin ƙafarsa suna ɗaurewa har yana cizon haƙori, sai na kwance akuyata na miƙa wa ƙaninsa igiyar, na ce ya sayar ko nawa ne, a nemo babur.

Asibitin garin da ke kusa da mu ƙarami ne, don haka an kafa rumfar tamfol a tsakar gida, an jera gadaje masu huda a tsakiya, kowanne da bokiti a ƙarƙashinsa. A bakin ƙofa akwai ɗan banga riƙe da gora. Na ɗauka zai kore mu, don mun saba da gidajen da ake ware mana kofin shan ruwa. Ya tambayi garinmu, na faɗa, ya dube mu sama da ƙasa ya ce, "Ku shiga, Allah ya ba shi lafiya." Ashe a wannan karon ba mu ne abin warewa ba.

Abin warewar suna waje, a gindin darbejiya, bayan shingen waya. Fulanin rugagen da ke kewaye da mu ne, a kwance kan tabarmi da buhuna. An ce su ne suka kawo cutar, wai shanunsu sun ɓata tafki. Ba a ce ba za a duba su ba. An dai ce su jira a waje, in an gama da 'yan gari za a zo kansu, 'yan gari kuwa ba sa ƙarewa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar wata mata da ke bayana a layi. Ta ce, "Ai su jikinsu ba irin namu ba ne. Kin ji ɗaya daga cikinsu yana kuka? Bafillace ba ya jin ciwo." Na saurara, gaskiya ne, a rumfarmu sai nishi da salati da kiran uwa, a gindin darbejiya kuwa tsit. Ni ma a ranar na kusa yarda da ita.

Ma'aikacin jinya ɗaya ne tsayayye, Malam Sani, mu dai likita muke ce masa. Bawan Allah nan ban taɓa ganinsa zaune ba. Ya sa wa Ayuba ƙarin ruwa, ya ce mini, "Ledar ruwan nan kaɗan ce, ba za ta ishi kowa ba. Da ya farfaɗo, aikinki ne. Ruwan gishiri da sukari, kofi bayan kofi. In ya amayar ki sake ba shi. Abin da ya fita ta ƙasa, ki mayar ta sama." Wannan maganar ta zauna mini, ita na riƙa yi ba ji ba gani, Ayuba yana zagina a hankali ina ɗura masa.

Ranar da ya fara ɗaga kai na fita shanya zani a kan waya, sai na ga Adda Biba a gindin bishiyar. Ita ce mai kawo mana nono tun ina amarya. Mun saba da tsiya, in ce mata, "Adda, yau nononki ya yi wanka," ta ce, "Ke Kaɗo, bakinki ne ya mutu da daddawa." A ranar ba ta ko ɗago ba. Tana zaune ta juya baya ga wani matashi da ke kwance nesa da ita kaɗan. Na san shi, Dikko ne, ɗanta na fari, wanda ya yi aure da kakar bara. Idanunsa sun shige ciki, leɓensa ya tsage.

"Adda, tun yaushe kuke nan?"

"Mun kwana biyu."

"Ba ki je wajen mai rubuta suna ba?"

"Na je." Sannan ta ƙara da cewa, "Ya ce in faɗi sunan marar lafiya."

Ba sai ta ƙarasa ba. Ɗan fari ne. Mu ma Hausawa muna da wannan kunyar, mahaifiyata har ta koma ga Ubangiji ban ji sunan yayanmu a bakinta ba, amma ta Fulani ta fi tamu nauyi. Mai rubutun ya tambaye ta, ta sunkuyar da kai, ya ce in ba ta san sunan ɗanta ba ta ba mutane wuri. Ta ba su wuri.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Washegari Lahadi ce, na bar Ayuba da yayarsa na tafi sujada da kayan jikina na asibiti, na miƙe a tsakiyar coci na zazzage abin da na gani. Fasto ya saurara, ya ajiye wa'azin da ya shirya, ya yi magana a kan mutumin nan na cikin Linjila da aka bari kwance a gefen hanya kowa yana ratse shi. Bai rufe baki ba wani dattijon ikilisiya ya miƙe, wanda shanu suka cinye masa wake a shekarar da ta wuce. Ya ce, "Mu nawa ne a garin nan? Da ƙyar aka bar mu muke zaune lafiya. Yanzu mu je mu tsaya wa Fulani, gobe a ce da mu ake haɗa baki? Su Musulmi ne, 'yan gari Musulmi ne, su shirya kansu." Wasu suka gyaɗa kai. Ni kaina na ji tsoron nan nasa, don ba ƙarya ya faɗa ba.

Mama Rahila, shugabar zumuntar mata, ita ce ta raba gardama. Gajeriya ce, amma in ta ɗaura ɗankwali ta gaba, ko Fasto gyara zama yake. Ta ce, "Baba, wanda ya san ɗacin a ware masa kofi, shi ya kamata ya fara miƙa nasa. Ku maza ku zauna ku yi ta shawara. Mata, kowa ta je ta ɗauro zanen zumunta."

Haka muka tafi, duk cikin zani iri ɗaya, muka tsaya a ƙofar asibiti. Ɗan banga ya ɗaga gora, ya dubi furfurar Mama Rahila, ya rasa inda zai ajiye ta. Malam Sani ya fito yana share gumi. Ya ce shi bai hana kowa ba, hannunsa biyu ne kawai, kuma in ya shigo da su masu jinyar ciki za su yi masa bore. Mama Rahila ta ce, "Boren nasu, mu ne za mu tare maka. Kai dai ka sa allura." Ya yi ɗan murmushi, ina jin dama abin da yake jira ke nan. Muka kinkimo Dikko a tabarma, sauran na gindin bishiya suka biyo baya. Wata mata ta ja ɗanta ta tofar da yawu. Wani tsoho Alhaji kuwa da ke jinyar jikansa ya matsar da buta ya ce, "Ku kawo shi nan, Allah ya yi muku albarka." Har yau ban san yadda zan haɗa mutanen nan biyu a gari ɗaya ba.

Mama Rahila ta ce ba za a kai shi lungu ba, ya gaji da zaman gefe. A tsakiyar rumfa za a sa shi, inda kowa zai gani ya san shi ma mutum ne. Aka ba shi gadon da ke kusa da na Ayuba. Aka sa masa ledar ruwa, kafin la'asar ya buɗe ido. Muka yi ta murna, muka kewaye gadon muka yi addu'a, muka raba aiki, kullum mata biyu ko uku a kansa. Da surukarsa ta zo dubiya tare da amaryarsa, Mama Rahila da kanta ta ɗauko kujera ta ajiye wa tsohuwar a daidai kansa, don girmamawa. Uwarsa kuwa tana can bakin rumfa, ta juya baya kamar kullum. Wata a cikinmu har ta ce, "Wannan wace irin uwa ce?" Na ce mata ta yi shiru, ɗan fari ne.

Daga nan ne al'amarin ya rikice mini. Ledar ruwa ta ƙare, lokacin sha ya yi, Dikko ya ƙi sha. In na kai kofi bakinsa sai ya kawar da kai ya ce, "Na ƙoshi, Inna." Mutumin da harshensa ya bushe kamar ɓawon itace wai ya ƙoshi! Muka lallashe shi, muka yi masa faɗa. Wata ta ce ko yana ƙyamar hannun Kirista ne, sai muka ba amaryarsa kofin, nan ma ya ƙi. Wata ta ce taurin kan Fulani ne. Ni dai na lura bokitin da ke ƙarƙashin gadonsa kusan a bushe yake, na kuma yi murna, na ce gudawa ta tsaya. Sai dai gumi yana keto masa, ya damƙe ƙarfen gado da hannu biyu, bai ce uffan ba.

Washegari da rana tsaka, ana cikin hayaniyar shigo da wani sabon marar lafiya, muka waiwaya babu Dikko. Ya zare allurar da aka bar masa a hannu, ya rarrafa ya bi ta bayan tamfol. A gindin shinge aka same shi, ya kusa kaiwa gonar dawa, ya faɗi a sume, jikinsa duk ya ɓaci. Malam Sani ya yi ta laluben hannunsa da ƙafarsa, yana cewa, "Jijiya ta ɓuya, jijiya ta ɓuya." Da ƙyar ya samu wata a ƙafa. Ya ɗago ya daka mana tsawa, ya ce wa ya bar shi ya tashi.

Ayuba ne ya yi magana daga gadonsa, da 'yar muryarsa da ta fara dawowa. Ya dube ni ya ce, "Maman Talatu, zo nan." Na matsa. Ya ce, "Ku kun taɓa kwanciya a gadon nan? Ni da nake mijinki, duk sanda abin nan ya zubo a bokiti mata suna tsaye, ji nake da ma ƙasa ta tsage. To, balle shi. Kun ajiye masa surukarsa a ka. Bafillace ko fura ba ya sha a gaban surukarsa, ku kuna so ya yi zawo a gabanta? Ya san in ya sha zai fita. Shi ya sa ba ya sha."

Na tafi bakin rumfa na durƙusa kusa da Adda Biba na ce, "Adda, haka ne?" Ba ta dube ni ba. Ta ce, "A gindin bishiya yakan ja jiki ya shiga dawa, ya dawo in tura masa ƙwarya da ƙafa, ya sha." Na ce, "Me ya hana ki faɗa mana?" Ta ce, "Kun yi mana alheri. Kuma in ce me? A kan wa?"

Na faɗa wa Mama Rahila. Nan take ta kwance zanen zumuntarta na sama ta ce, "Ku kawo naku." Muka ɗaura zannuwan a jikin igiyar tamfol, muka zagaye gadon da su har ƙasa. Aka lallaɓa surukar aka ce ana nemanta a waje. Muka roƙi tsohon Alhajin nan ya shiga da kofi, tunda namiji ne kuma ba danginsa ba. Mu kuma muka ja da baya, muka juya wa labulen baya, Mama Rahila ta ɗauko waƙa da ƙarfi muka amsa, don kada kowa ya ji ƙarar bokiti. Ban san abin da masu jinya suka ɗauka ba, ganin matan coci suna rera waƙa suna hawaye a tsakiyar masu amai. Can Alhaji ya leƙo ya miƙo kofi ya ce, "A ƙaro." Dikko ya sha, ya sake sha. Wallahi na ɗauka mun ci nasara.

Ya ƙara kwana, yana sha, amma fitsari ya ƙi zuwa, ƙafafunsa suka fara kumbura. Malam Sani ya ja ni gefe ya ce ƙoda ta tsaya, ruwan ya zo mata a makare, sai dai a gwada Kano in za a samu mota. Ana cikin neman motar, bayan azahar, Alhaji ya fito daga bayan labule yana salati.

Mutanen gari ne suka yi masa sallah. Limamin da kansa ya ja, sahu ya cika, har da ɗan bangan nan, ya jingine gorarsa a bango. Mu muna tsaye daga nesa. Na yi ta kallonsu ina tambayar kaina, wanda ba a ba shi inuwa yana raye ba, ga shi an yi masa sahu yana kwance. Adda Biba ba ta yi kuka ba. Ta naɗe tabarmarta ta ɗora a ka, ta bi hanyar ruga.

Ayuba ya warke, mun gode wa Ubangiji, mun gode wa Malam Sani da ya yi aikin mutum goma. Bayan abin da ya faru, Malam Sani ya sa aka kawo zana aka kewaye gadajen maza, na ruga da na gari, mutane da yawa sun tashi a bayan zanar nan. Amma tambayata tana nan. Malam Sani ya ce zaman gindin bishiya ne ya kashe Dikko, tun kafin mu ɗauke shi ƙodar ta ji jiki. Dattijon nan na coci ya ce ai ya faɗa, garin neman gira an rasa ido. Fasto ya ce Allah yana duban zuciya. Mama Rahila kuwa, zanen nan dai ba ta sake ɗaura shi ba, sabo ta saya. Ni kuwa in na ce da mun bar shi a waje, sai in tuna leɓensa. In na ce mun yi daidai, sai in tuna hannunsa a kan ƙarfen gado. Abin da na iya cewa kawai, in amai da gudawa ya shigo, kada ku tsaya jiƙe-jiƙe, ku ba da ruwan gishiri da sukari ku nufi asibiti. Kada ku yarda a ce wani jinsi ba ya jin ciwo don bai yi kuka ba. In kuma kun tashi taimakon mutum, ku tambayi wanda ya san shi yadda ake taimakonsa.

Sai da aka fara yankan gero Adda Biba ta sake shigowa gidanmu. Ta sauke ƙwarya, na kawo mata tabarma. Na rasa ta inda zan fara, tsiyar da muka saba ta ƙi fitowa. Muka gaisa, muka yi maganar ruwa da ciyawa. Ta auna mini nono, ta ƙara ludayi ɗaya. Ta rufe ƙwarya da faifai kamar za ta tashi, sai ta zauna.

"Laraba," ta ce. Ba ta taɓa kirana da sunana ba sai ranar. "A ruga kowa yana jin nauyina, ba mai ambatonsa in ina wurin. Ke kin san yadda ake ce masa."

"Na sani, Adda."

"Faɗa in ji."

Na ce, "Dikko."

Ta rufe ido, ta juya mini baya kamar yadda ta juya masa a gindin darbejiya. Kafaɗunta suka fara motsi.

"Sake," ta ce.